Tumakin Matar Dokta

Duk Bungudu babu wanda bai san Dokta Tajuddeen ba. In ma akwai, to baƙo ne, kuma kafin ya gama shan ruwan sauka Dokta zai zo ya gabatar da kansa. Kwas ɗin sati uku ya yi a Gusau kan yi wa dabbobi allura, ya dawo da farar riga, da kular ajiye magani, da wani tabarau da ba ya ƙara masa gani. Tun daga ranar ya hana kowa ce masa Taju. Matarsa Wasila kuwa Malam take ce masa kamar da, shi kuma bai fasa jin haushin hakan ba.

Da damina ta yi nisa sai wani ciwo ya ɓulla a tumakin wajen Mada. Likitoci suna ce masa shuɗin harshe. Wasu ƙwari ne 'yan mitsi-mitsi, ko sauro ba su kai ba, suke tasowa daga fadama da almuru, su ciji marar lafiya su je su ciji mai lafiya. In ya kama dabba ba shi da magani sai jinya da addu'a, amma yana da rigakafi. Ƙungiyar masu kiwo ta yi ƙoƙari ta samo allurar, aka ajiye ta a wani asibitin dabbobi a Gusau, ana raba wa irin su Tajuddeen kwalabe, kowa da unguwannin da zai bi.

Wasila tana da tumaki takwas a turke bayan madafa. Ba na gandu ba ne, nata ne na kanta, daga tunkiya ɗaya ta tara su. Su ne gonarta, da su take fita kunyar biki da suna, kuma ko wace da sunanta. Da ta ji labarin ciwon a rediyo ba ta wani damu ba. Wanda ke kwana ɗaki ɗaya da maganin, me zai tsorata shi?

Da safe ta same shi a tsakar gida yana goge kularsa da tsumma.

"Malam, tun da abin a hannunka yake, ka fara da na gida mana."

Ya ɗago wata 'yar kwalba ya nuna mata daga nesa, kamar kallonta zai iya ɓata maganin. "Kin ga wagga? Ta dabba hamsin ce. In an huda ta, ranar ake ƙarar da ita. In huda ta don tumaki takwas?"

"To in za ka ƙarar da wata, ka rago mini na ƙasan."

"Ke Wasila, aikin likita ba tuwo ba ne da za a rago miki ƙanzo. Gobe."

Ya ɗaure kula a bayan babur ya nufi Gusau, gonar Alhaji Attahiru, wani attajiri mai raguna kamar maruƙa. Can yake yini. Da yamma ya dawo da hotuna a waya: ga shi ya rungumi rago, ga shi ya ɗaga sirinji sama, ga shi kusa da motar Alhaji kamar tare suka saye ta.

Gobe ta haifi jibi, jibi ta haifi gata. Sai da Wasila ta ƙirga gobe goma sha shida. Ranar ta sha bakwai ta ɗauko maganar a gaban surukarta, Inna Rabi, wadda ke zaune a gidan tana jan carbi da lura da tukunyar kowa.

"Taju," in ji Inna, "yi mata allurag ga mu sha iska. Kullum tumaki, kullum tumaki, kamar ita ta fara kiwo."

Inna kaɗai ke ce masa Taju ya haɗiye. Ya miƙe yana huci ya shiga ɗakinsa, ya jima, ya fito da sirinji a cike. Wasila ta riƙa kama masa su ɗaya bayan ɗaya, yana soka musu a wuya yana tsaki. Da ya gama ta yi masa godiya har ƙasa, ta yanka zakaranta ta yi masa farfesu. Ya cinye tas, ya ce gishiri ya ɗan yi yawa.

Bayan wata guda, Gimbiya ta ƙi cin dusa.

Gimbiya ita ce uwar garken, uda ce rabi fari rabi baƙi, mai ci kamar gara. Wasila ta same ta tsaye ta sunkuyar da kai, miyau na dalala daga bakinta, leɓɓanta sun kumbura. Ta taɓa kunnenta ta ji zafi rau. Ta buɗe bakin ta ga dasashi ya yi ja, duk gyambo.

"Malam, zo ka gani."

Ya leƙo daga bakin madafa, ko turken bai taka ba. "Leda ta ci."

"Leda na kumbura baki?"

"Ke kika yi kwas ko ni?"

Kwana huɗu Gimbiya ta yi. Fuskarta ta haye har idanu suka shige, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ta koma tafiya a gwiwa kamar mai neman gafara. Ranar ta huɗu harshenta ya zazzago waje, ya rine ya yi kalar baba. Wasila ba ta yi kwas ba, amma tana da ido, kuma ta ji rediyo.

"Wannan ai shi ne ciwon da ake faɗa."

"Rufe mini baki!" Ya waiga ya dubi katanga. "A gidana? Bayan na yi allura da hannuna? Kawo wuƙa kafin ta yi mushe."

Aka yanka Gimbiya. Wasila ce ta wanke kayan ciki, hawaye na ɗiga a cikin roba, kuma ba ta ga leda ko ƙyallinta ba. Inna Rabi ta ce a soya mata hanta daban don haƙoranta. Tana ci tana yi wa Wasila nasiha.

"Haƙuri za ki yi, ɗiyata. Dabba da kika gani, kwananta ƙirgagge ne kamar na mutum. Miƙo mini yajin can."

Ba a yi sati ba 'Yar Mada ta kama, Baƙa ta biyo ta. Baƙa tana da ciki wata huɗu, ta yi ɓari da hantsi, 'yan biyu, ko gashi ba su gama yi ba. Wasila ta haƙa rami a bayan gida ta binne su. Dokta ya ce dusa ce ta yi tsami. Da ta nuna masa dusar busasshiya ƙalau, ya ce to allurar ce ba ta gama bin jiki ba, ai ba farat ɗaya take aiki ba. Da ta ce an fi wata guda, ya ce irin tumakinta ne ba su da jini mai kyau. Inna kuma ta ce ita tun ranar da matar maƙwabci ta leƙo ta ce "kai, masha Allahu" da wata irin murya, ta san za a rina. Baki ne. A nemo rubutu a ba su.

Aka ba su rubutu. Baƙa ta mutu washegari, kafin a kai ga wuƙa.

A ranar Tajuddeen ya kafa doka. Ya kwance sauran daga turke ya tura su ɗakin ajiya na ƙurya, inda ake zuba tsofaffin buhuna da karyayyen gado, ɗaki mai taga ɗaya kamar tafin hannu.

"Ko ƙawarki, ko 'yar'uwarki, ko mai tallar ƙuli, kada in ji wani ya ji. In aka ce ciwon ga ya shiga gidan Dokta, wa zai sake miƙo mini dabbarsa? Abincin gidan ga kike son ki toshe?"

"To ka kira wani likitan ya duba su, ko a ɓoye."

"Wani likitan? Ina raye?"

Nan Wasila ta koma da yini. Bakinsu ya yi gyambo ba sa iya tauna, sai ta dama kunun dusa mai ruwa-ruwa tana ɗura musu da cokali. Ta wanke musu hanci da ruwan gishiri, ta shafa musu man kaɗanya a leɓe, ta yayyage tsohon gidan sauronta ta toshe tagar. Da la'asar sakaliya ta tara ganyen dogonyaro a kasko ta yi hayaƙi don korar ƙwarin, har idanunta suka koma kamar gauta. Tuwonta ya fara ƙonewa, zanenta ya fara yi mata yawa. Dokta ya ce gidan ya cika warin asibiti, shi da ko asibitin bai taɓa aiki ba. Inna ta ce tunda take ba ta taɓa ganin mace ta bar miji ta tare a ɗakin tumaki ba.

'Yar Mada ta mutu ranar Talata. Kunnuwa, wata 'yar budurwar tunkiya da ke bin Wasila har bakin rijiya, ta mutu ranar Alhamis, kanta a cinyar uwar ɗakinta. Saura huɗu, ɗaya a kwance.

Ranar Asabar da hantsi Wasila na cikin ɗakin ajiya ta jawo ƙofa, sai ta ji sallama a zaure. Malam Yazid ne, wani dattijo mai gyaran takalma a unguwar, ya kawo tumakinsa uku a yi musu rigakafi. Ta ji Tajuddeen ya ce masa ya jira. Ta tsagar ƙofa ta ga mijinta ya shigo ya dubi hagu ya dubi dama. Inna na ɗaki, tsakar gida ba kowa. Ya buɗe kula ya ɗauko kwalba, wayam, babu komai a ciki. Ya je gindin randa ya ɗebo ruwa a moɗa, ya tsoma sirinji ya zuƙa, ya ɗura a kwalbar, ya sake zuƙa, ya sake ɗurawa. Ya girgiza ta, ya ɗaga ta a rana ya duba kamar mai awon zinariya, ya mayar cikin ƙanƙara, ya gyara tabarau ya fita.

"Riƙe mini ita da kyau, Malam Yazid," ta jiyo shi yana cewa. "Maganin ga yana da ƙarfi."

Cokalin ya faɗi daga hannun Wasila. Sai da ya sallami dattijon ya dawo yana fito, sannan ta turo ƙofa ta tsaya a gabansa.

"Malam, tumakina ma ruwan randa ka yi musu?"

Fiton ya tsaya. Ya fara cewa wanke sirinji yake, ya dubi fuskarta, ya ga wannan hanyar ba ta ɓullewa. Sai ya ajiye kula ya gyara tsayuwa.

"To, in ma shi ne fa? Ruwan ai da bisimilla na zuba shi."

"Ina maganin da aka ba ka na unguwar nan?"

"Alhaji Attahiru ya ce raguna ɗari gare shi, na je na tarar sun fi ɗari uku, ga na ƙanensa, ga na surukinsa. In ce masa mi? In ce ya yi haƙuri, matata na da tumaki takwas? Mutumin da ya ce zai sa ni a kujerar Umara?"

"Da ka gaya mini, da na kai su wani wuri."

"Da na gaya miki, da duk Bungudu ta ji. Ke ce kika matsa, kika kai ni ƙara wurin Inna. Kin ce allura, na yi allura. Kuma Allah ke tsarewa, ba kwalba ba. Ko kin fara shirka ne?"

Wasila ta wuce shi ta shiga ɗakin Inna Rabi, ta durƙusa ta zayyana mata komai. Tsohuwar ta saurara, carbi bai tsaya ba.

"Kin gama? To ji nan. Asirin mijinki zanen ɗaurawarki ne, in kin yaye shi ke za a gani tsirara. Dabba ce hwa, Wasila. Ba ɗa ya kashe miki ba."

"Inna, tumakin mutane fa? Malam Yazid fa?"

"Ke ce hakimi? Tashi ki ɗora girki."

Ta ɗora. Wadda ke kwance ta mutu kafin tuwo ya nuna. Saura uku, kuma a cikinsu wata mai suna Amarya ta fara dalalar miyau.

Washegari Tajuddeen ya zo da sabuwar dabara, fuskarsa a sake kamar wanda ya zo da albishir. Ya ce ya yi magana da wani dillali, jibi ranar kasuwa a-kori-kura za ta zo ta kwashi ukun zuwa kara a Tsafe. A goge wa Amarya baki, a ba ta maganin zazzaɓi ta miƙe, kafin mai saye ya gane an yi nisa.

"A kai wa mutanen Tsafe ciwon ke nan," in ji Wasila. "Can yayana yake, da tumakinsa."

"Kowa ta kansa yake yi."

"Ban sayar ba. Nawa ne."

Ya yi dariya. "Naki? Dusar wa suke ci? Ƙasar wa suke kwana? Ke kanki a gidan wa kike?"

Washegari da safe ya saka farar rigarsa da ta wanke ta goge, ya ce zai shiga Gusau. Ƙarar baburinsa na ɓacewa ta zura hijabi, ta fita bakin titi ta tsayar da mai Keke Napep. Inna Rabi ta fito tana salati, tana cewa in ta taka ƙofar nan ba da izini ba mala'iku za su yi ta tsine mata. Wasila ta ce, "To Inna, su ma mala'ikun ai sun ga randa." Ta cusa biyu a baya, ta rungume Amarya a cinya, suka kama hanyar Gusau.

A asibitin dabbobi ta tarar da layi. Likitar wurin, Dokta Hajara, wata gajeriyar mace mai takalmin roba da saurin magana, tana hango bakin Amarya ta bar abin da take yi ta taho.

"Subhanallahi! Baiwar Allah, wa ya ce ki yi yawo da dabba mai wannan ciwon? Ku shigar da su ɗakin raga, maza!" Ta buɗe bakin tunkiyar, ta duba kofato. "Daga ina?"

"Bungudu."

"Bungudu? Ai takardarmu ta nuna an gama Bungudu. Ba a yi wa naki ba?"

"An yi musu. Takwas ne, biyar sun mutu."

"Wa ya yi?"

Wasila ta buɗe baki ke nan sai ta hango shi. Yana kan benci a baranda tare da sauran masu allura, kula a kan cinya, ya zo karɓar sababbin kwalabe. Shi ma ya gan ta. Ya sunkuyar da kai ya kama latsa waya da himma, kamar wanda ake jira ya raba gardama a Abuja.

Dokta Hajara ta bi idonta. "Malam Tajuddeen, ai kai ne mai Bungudu. Zo. Ka san wannan matar?"

Ya taso yana gyara tabarau. "E to, ranki ya daɗe, kamar dai 'yar unguwarmu ce. Kin san mata, ba sa bin ƙa'ida. Sai a yi allura su je su ba dabba ruɓaɓɓiyar dusa."

Har zuwa wannan lokacin Wasila ba ta yanke abin da za ta faɗa ba. A hanya ta yi ta saƙawa tana kwancewa, ta ce ko dai ta ce ba ta san sunan mai allurar ba, a duba mata tumaki ta koma gida. Shekara goma sha ɗaya da aure ba wasa ba ce. Amma da ta ji "kamar dai 'yar unguwarmu ce", sai ta yanke shawara.

"Ya san ni, likita. Ni na goge masa rigar nan da safe. Mijina ne."

Wani daga kan benci ya ce, "Tabɗi."

Ta faɗi komai, ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba: gobe goma sha shida, sirinjin da ya fito a cike, ɗakin ajiya, moɗa da randa, Malam Yazid, motar da za ta zo gobe. Tajuddeen ya ce aljanu gare ta, duk damina sukan tashi. Dokta Hajara ta miƙa hannu ta karɓi kular, ta buɗe, ta ɗauko kwalbar da ya yi wa Malam Yazid aiki da ita. Maganin gaskiya fari ne kamar tsinkakken nono. Wannan kuwa garau yake, har da ɗan gansakuka yana iyo a ciki.

"Gida nawa ka yi wa wannan?"

Ya kama gyara tabarau.

"Cire rigar," in ji ta. "Kular ma ta zauna nan."

Ta riƙe tumakin uku a ɗakin raga. Ta yi wa biyun da ba su nuna alama ba allura ta gaskiya, ta ce Amarya sai abin da Allah ya yi. Amarya ba ta kai Juma'a ba.

Wasila ta koma Bungudu ta tarar labari ya riga ta isa. Da la'asar aka yi zama a zaure: Inna Rabi, da Baba Haruna ƙanen mahaifin Tajuddeen, da wasu dattawa biyu na dangi. Ta zauna tana jiran a tambayi mijinta abin da ya zuba a kwalba. Ba wanda ya tambaya. Abin da aka tattauna shi ne fita ba izini, da shiga Keke Napep da namiji baƙo, da ɗaga murya gaban maza, da mayar wa suruka magana. Baba Haruna ya ce ko me miji ya yi, ai akwai manya, me ya sa ba ta kawo ƙara ba? Ta ce ta kai wa Inna. Inna ta ce ita ba ta tuna ba, kwanakin nan hawan jini na damunta.

"Ta tafi gidansu sai na neme ta," in ji Tajuddeen. Ba riga, ba tabarau, ya koma Tajunsa sak.

Kwana biyu ta ɗauka tana haɗa kaya. Ranar da za ta tafi, motar asibiti ta iso Bungudu da lasifika, ana shela cewa duk wanda aka yi wa tumakinsa allura a unguwanni kaza da kaza ya fito da su filin makaranta a sake. Motar da Wasila ta hau ta bi ta gefen filin. Layi har bakin titi. Ga Malam Yazid da tumaki biyu, ɗaya ta riga ta tafi. Ga matan da jiya suka tsuke baki da ta gaishe su. A can gaba, ta uku a layi, ga Inna Rabi ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, riƙe da igiyar wani ƙosasshen rago. Ashe tana da rago a gidan 'yarta a wata unguwa, kuma ko da wasa ba ta taɓa bari ɗanta ya kusance shi da sirinji ba.

Wasila ta sauka a Tsafe gidan yayanta. Bayan sati shida aka ce ta je ta ɗauki tumakinta biyu, sun tsira. Ta kafa musu turke a gindin wata bishiyar ɗorawa, ta koma dama musu dusa, jikinta ya fara dawowa.

Ana cikin girbin gero Baba Haruna ya zo biko. Aka yi masa shimfiɗa, ya ci ya sha, ya yi gyatsa, sannan aka kira ta.

"To ɗiyata, albishir na kawo miki. Mijinki ya huce. Ya ce ya yafe miki."

"Ya yafe mini?"

"Ƙwarai. Duk da kin raba shi da sana'arsa, kin sa Alhaji ya janye kujerar Umara, ya ce komai ya wuce. Ki shirya mu koma. Ya ce ki taho da tumakin, gida ba dabba ya yi shiru."

"Baba, shi ya ce ya yi laifi?"

Dattijon ya yi murmushi irin na wanda yaro ya yi wa tambayar wauta. "Haba Wasila. Namiji ne hwa. Aiko ni da ya yi ai ya isa."

Wasila ta gyara zama a kan tabarma. Sannan ta ce, "Baba, na gode da tattaki, Allah ya ƙara girma. Ka ce masa na ji. In ya shirya, ya zo nan ya zauna inda kake zaune, gaban yayana, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Ya biya ta wurin Malam Yazid shi ma ya faɗa masa. Ranar zan ɗauki hijabina in bi shi."

Baba Haruna ya kaɗe babbar rigarsa ya ce yaran yanzu sai addu'a.

Har yau Tajuddeen bai zo ba. An ce yana kasuwar Mada yana sayar da maganin kaji, ya sayi wata farar rigar, can ma Dokta ake ce masa. Ba wanda ya kai shi ko gaban mai unguwa, don an ce abu ne na cikin gida, kuma abin cikin gida ba a fitar da shi. A Bungudu kuwa Wasila ta zama abin misali. In uwa na yi wa 'yarta faɗan zaman aure, takan ce, "Ki iya bakinki, kada ki zama irin wadda ta tona asirin mijinta saboda dabba." Ta gama faɗan, ta tashi ta je ta zuba wa tumakinta dusa, suna nan da ransu, ƙalau.